Tufafi Goma Sha Biyu

A gida an fara yankan gero,
haka Gwaggo Tabawa ta ce a waya, kaka ta shigo.
Nan Agege kuwa ruwa bai gama sallama ba,
yana tafiya yana waiwaye
kamar baƙon da ya mance hularsa.

Ran Asabar na jawo akwatuna uku daga ƙarƙashin gado.
Warin fumfuna ne ya fara gaishe ni.
Anko goma sha ɗaya na ƙirga.
Ga na bikin Ladidi, sau ɗaya na sa,
ita kuwa har ta yaye na biyu.
Ga leshin da na ci bashinsa a Balogun,
wata huɗu ina biya,
bai taɓa shiga danfo ba
don duwatsunsa na kama kujera.

Kullum ƙarfe biyar na asuba
ina tsaye kan wannan tudu ina cewa ba ni da na sawa,
motar Oshodi kuwa ba ta jiran mai zaɓe.
Taron tsintsiya, ba shara.

Sai na ce yau za a yi shari'a.
Duk rigar da ba ta ga-maciji da 'yan uwanta
ta nemi wani gida.

Iya Mulika ta leƙo ta taga tana ɓare egusi,
ta ce, "Ƙaura za ki yi?"
Na ce a'a, haya ce ta yi tsada,
ba zan ƙara biya wa tsumma ɗaki ba.
Ta yi dariya har ƙwarya ta karkace.

A ƙasan akwati na uku shari'a ta tsaya.
Zanen mahaifiyata.
Atamfa ce da wanki ya lallashe ta har ta yi laushin kunne,
bakinta ya ɗan zare inda take soke shi.
Ba ta dace da komai nawa ba.
Na zauna a ƙasa, na daɗe,
har ladan ya kira la'asar a masallacin 'yan goro.

Da na shimfiɗa ta a gado sai na ga launi uku:
ruwan goro,
shuɗi mai duhu irin na hadarin yamma a kan gada,
da fari-fari kamar nono a ƙoƙo.
Na ce to, ke ce alƙaliya.

Duk wadda ta zauna kusa da ita ba ta yi tsawa ba, ta tsira.
Siket biyu suka wuce, da wando mai faɗin ƙafa
wanda ke tsallake kwata ba ya roƙon kowa.
Riguna huɗu, ɗaya sai da Ɗanlami tela ya rage mata hannu.
Dogayen riguna biyu, ta Juma'a da ta ko-ta-kwana.
Mayafi shuɗi, mayafi ruwan goro,
masu bushewa kafin a sauke tukunya.
Da 'yar rigar sanyi ta saƙa,
don ofishinmu na Ikeja hunturu ne na haya
ko da waje na tafasa.

Sha biyu.
Zanen ba ya cikin lissafi,
uwa ba ta shiga layi.

Sauran na ƙulle su buhu biyu.
Leshin ya tafi wajen 'yar Iya Mulika,
ta sa shi a tsakar gida, ta juya, ta sake juyawa,
ashe dama ita yake jira.

Ran Litinin aka ɗauke wuta tun ƙarfe uku.
Ban nemi tocila ba.
Na miƙa hannu cikin duhu,
abin da na taɓa na sa.
A tashar mota yayyafi ya sauko,
na ga kaina a gilashin wata danfo mai tsaga:
shuɗi a sama, goro a ƙasa,
da wata mata mai kama da innata
tana gyara mayafi, ba ta makara ba.